Fatar da Na Shimfiɗa a Cikin Taya

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina neman gafararSa, domin abin da zan rubuta ya shafi ɗan'uwana na jini, kuma har yau idan na tuna shi sai na ji ɗaci a bakina.

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, azumi ya faɗo da kaka. Ina Toranke muna cirar gyaɗa sai wasiƙa ta zo mini daga malamina na Gaya, da ajami, da rubutun hannunsa mai karkata. Ya ce mai ja masa baƙi a wurin tafsiri ya tsufa, murya ta tafi, yana so in zo in zauna a wurinsa. Mai jan baƙi shi ne ke karanto aya, malam ya fassara wa jama'a. Amma ya ƙara da cewa akwai wani ɗalibi da ke jira, kuma al'adar zaurensa ita ce wanda ya buɗe ranar farko bayan azahar, shi zai rufe watan. Shekara tara ina fatan wannan buzun.

Mahaifina ya ce ba zan bar gyaɗa a ƙasa ba sai an ga wata. Saboda haka tafiya ta zama ta safiyar ɗaya ga azumi, a kan keke, kuma tayoyin kekena sun suɗe har zare ya fito. Hanyar kuwa rairayi ce da burji, ga tsidau ya bushe ya baje ko'ina, ga ƙayar aduwa da makiyaya ke sarowa su bari a kan turba.

Mai gyaran keke ɗaya ne a kasuwar Ajingi, kuma ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara biyar. Ba ma shiri. Tun damina biyu da suka wuce ya tuge gambar da ta raba gonarmu da tasu, ya cinye mana kunya uku. Daga ranar gaisuwarmu ta zama ta dole.

Na same shi a rumfarsa, hannu duk baƙin mai.

"A'a, Alaramma da kansa! Yau tawada ta ƙare ne aka tuna da mu masu dauɗa?"

"Taya nake so, Yaya. Gaya zan tafi."

Ya sauko da iri biyu. Ɗaya mai kauri ce, mai manyan haƙora, nauyi kamar an jiƙa ta. Ɗayar siririya ce mai santsi, gefenta fari. Ya jefo mini mai kaurin a gabana.

"Wannan ce ta hanyarka. In sa maka ita, in yanke wayar tsohuwar tayarka in shimfiɗa ta a ciki. Ƙaya sai ta huda biyu kafin ta taɓa tub."

Na duba ta, na ga ƙura a jikinta. Zuciyata ta ce mini kwantai ne yake so ya sauke a kaina, kamar yadda ya sauke garmarsa a gonarmu.

"Ba ni farar. Wannan jakin naka ba zai kai ni kafin azahar ba."

"Farar ta 'yan birni ce masu yawo a kan kwalta. Kai da ko famfo ba ka iya riƙewa ba?"

"Na iya riƙe iyakar gona dai."

Mutanen da ke zaune a benci suka juyo suna kallonmu. Ya dube ni, ya ɗauke mai kaurin ya mayar da ita kan ƙusa, ya miƙo mini farar.

Maganar shimfiɗa kuwa ta shige ni, sai dai ba na so in yi ta yadda ya faɗa. Ni mai rubutu ne, kuma ni nake ɗinka wa littattafaina gafaka. Ina da ragowar jar fata ta akuya, wadda na san ko basilla sai an danna take shigarta. Na koma gida na yanka ta falle-falle, na haɗa su da zaren fata, na ƙulle kowane ɗinki tamau, yadda nake ƙulle bakin gafaka don kada ya warware. Washegari na koma rumfarsa, domin shi ke da ƙarfen ɓanɓare taya.

Ya karɓi fatar ya juya ta. Na ga lokacin da ya bi ƙulle-ƙullen da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya miƙo mini.

"Ɗinki ya yi kyau, Alaramma. Allah Ya kai ka lafiya."

Ya zauna yana kallo har na gama sawa, har ya taya ni buga iska.

Ranar ɗaya ga azumi na fita bayan gari ya waye, littattafai a ɗaure a kariya. Da farko keken tashi yake kamar tsuntsu, ina bi ta kan tsidau ina jin yana fashewa a ƙarƙashina, ina cewa a raina da ma yana nan ya gani. Da hantsi ya ɗaga sai na ji ta baya ta yi laushi. Na sauka a gindin wata tsamiya na ɓanɓare ta da ƙyar, ba ƙarfe. Na shafa cikin taya, babu ƙaya ko ɗaya, fatar ta tsare. Amma tub ɗin ya goge a wuri bakwai, tazara daidai da juna, daidai yawan ɗinkina. Biyu sun huje, sauran sun yi sirara kamar fatar albasa.

Na zare fatar na yar, na yi faci da abin da na riƙo. Ban yi nisa ba na uku ya buɗe, sannan ta gaba ta bi sahu. Faci ya ƙare. Na cusa ciyawa a cikin tayar, ta tafi kaɗan ta murƙushe. Daga nan sai turi, cikin rairayi, rana a tsakiyar ka, bakina ya bushe har harshe yana manne wa dasashi. Na yi sallar azahar ni kaɗai a gefen wata gonar dawa, ina sane da abin da ake yi a zauren malam a wannan lokacin.

Na shiga Gaya ana kiran la'asar. Malam ya dubi ƙafafuna, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Sannu da hanya. An riga an buɗe." Ni kuwa ban roƙa ba. Na zauna watan nan duka a cikin masu saurare, ina jin wani yana jan ayoyin da na yi makonni ina bita. Shi ya ci gaba da ja har malam ya rasu.

Bayan salla na tura keken zuwa Ajingi, don ba ni da wani wurin kai shi.

"Yaya, ka taɓa ƙullin nan da hannunka. Ka san zai ci tub?"

"Na sani mana. Yaron goye ma ya sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa maka ta farko, ka ba ni amsa da gona a gaban mutane. Ta biyu kuma sai na ce bari malami ya yi da iliminsa."

Ya sauko da mai kaurin nan, da ƙurarta, ya sa mini. Na yi shekara shida a kanta, ƙaya ba ta taɓa tsayar da ni ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na san rabin laifin nawa ne, na kuma san abin da addini ya ce a kan riƙo. Da ɗan baffan nawa ya rasu ni na yi masa wanka, na yi masa addu'a yadda ta kamata. Amma lokacin da na zo kan hannunsa na dama, na kama babban yatsan nan, sai da na dakata na nemi tsari kafin na iya zuba ruwa.