Tofin Baba a Kaina

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na durƙusa gaban mahaifina a Kwandiko ina roƙon kalma ɗaya ta albarka, alhali bakinsa ya riga ya mutu.

Lokacin da kuɗin man fetur ya fara janye samari zuwa birni ne na jefar da sandar kiwo, na bi masu aikin titi zuwa Birnin Kudu. A gidanmu ba a tafiya sai an durƙusa uba ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na san Baba ba zai yarda ba, ni kuma ga taurin kai, sai na sulale ba sallama. Shekara uku ina fafutuka, amma duk abin da na kama sai ya suɓuce.

Kwatsam aka aiko cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Na garzayo gida, na tarar da shi kwance a rumfa, ido kawai yake juyawa. Na gaishe shi, na nemi gafara, shiru. Wallahi na yi kuka kamar ɗan yaye.

Limamin garinmu, amininsa tun ƙuruciya, yana zaune a gefe. Ya ce, "Ja'iri, yau ka gane hanyar gida?"

Na ce, "Malam, shi ke nan na rasa albarka, tunda ba zai iya furtawa ba."

Ya ce, "Ka san asalin kalmar kuwa? Daga Larabci muka samo ta, tushenta durƙuson raƙumi ne idan ya zauna daram. Albarka alheri ce da ta sauka ta ƙi tashi. Matsa kusa, ka bar gaggawa."

Na matsa, na sunkuyar da kai. Can sai Baba ya fara kokawa da hannunsa na hagu, mai sauran motsi. Da ƙyar ya kai shi baki, ya yi tofi a tafin, ya ɗora mini a ka, ya bar shi nan. Daga ƙofar ɗaki na ji Inna, mahaifiyata, cikin kuka tana cewa, "Amin, Maigida, amin."

Kwana tara ya ƙara, ban gusa daga gefensa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, ba a jinkirta neman albarka, ba a kuma rowarta. Shi ya sa ko kasuwa 'ya'yana za su je sai na sa musu ita, tun bakina yana iya faɗa.