Majo Alphonse, wanda ya riƙe hannuna yana rawa

Ranar Talata, 14 ga Maris 1967, da hantsi, direban wata motar gyaɗa ya tsaya ƙofar lakwal, wato makarantarmu, a Kore Mairuwa ya shaida mini ka rasu. Sanƙarau ne, in ji shi. Ka ɗauko shi a Sukukutane inda ka kwana tara kana yi wa mutane allura, aka dawo da kai Dogon Dutsi wuya a sandare, ba ka ƙara kwana uku ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sallami 'yan aji, na zauna bisa benci har azahar.

Ni ne Inusa, malamin da giya ta kusa kashewa. Kowa a Arewa ya sani, ba abin ɓoyo.

Shekarar da aka samu mulkin kai ina shan burkutu tun kafin karin kumallo. In ban sha ba, alli ba ya tsayawa a hannuna. Kawuna ya kai ni wurin 'yan bori a Lugu, aka ce aljana doguwa ce, aka yanka baƙar akuya. Liman ya ba ni rubutu na sha. Sai na rantse, na bar giyar farat ɗaya. Kwana biyu bayan haka na fara ganin kiyashi suna fitowa daga bango suna hawa jikina, ina kakkaɓewa ina kuka. A haka matata Lantana ta ɗora ni a amalanke ta kawo ni gidan likita, wurinka, kai da ke Majo, babban ma'aikacin jinya.

Ba ka yi wa akuyar dariya ba, ba ka kuma yi mini wa'azi ba. Ka riƙe hannuna ka dube shi, ka kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ka ce, "Mushe, yaushe rabonka da tuwo?"

Ka yi mini allurar bitamin da ta kwantar da jijiya, kana rage ta kaɗan kaɗan har kwana takwas. Da na dawo hayyacina ka zauna ka bayyana mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Ka ce giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta riƙa turewa don kada a kwantar da ita. Shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja. Ranar da aka janye giya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta san an saki igiya ba, sai ta tafi da baya. Rawar hannu ke nan, da gumi, da kiyashin. Ka ce wasu a nan suke mutuwa, shi ya sa ba a bari haka kawai ba tare da likita ba. Na tambaye ka ko ni lalatacce ne. Ka ce, "Kai maras lafiya ne. Lalacewar kuma, ku da Allah."

Sannan ka fito da ƙwayar da kake aikawa a kawo maka daga Yamai. Ba ka yaudare ni ba. Ka ce ba ta kashe ƙishin giya, hanta kawai take hanawa ta gama narkar da ita, gubar ta taru a jini. Wanda ya sha a kanta zai gane kurensa. Shinge ce, in ji ka, ba ta hana akuya jin yunwa.

Wata bakwai na yi, na tsallake shingen a wani biki. Fuskata ta ɗauki wuta, zuciya kamar za ta fasa ƙirji, ina amai ina neman numfashi. Kilomita da yawa ka yi bisa babur cikin rairayi ka iske ni. Na kasa duban idonka. Na fara rantsuwa, ka katse ni: "Bar rantsuwa, Mushe. Ta ishe ni. Ka zo ran Jumma'a."

Na je. Kowace Jumma'a ta farkon wata ina zuwa, yau shekara biyar. Kai ka rubuta wa sufeton makarantu aka mayar da ni aji.

Ba duka ka ceta ba, kuma ba ka taɓa cewa ka iya ba. Jibo, tsohon soja da muka kwanta ɗaki ɗaya, sau huɗu kana tsamo shi yana komawa. Ya mutu ciki a kumbure, ido ɗorawa. Danginsa sun ƙi zuwa. Kai Kirista, kai ka bi gida gida ka tara masu yi masa salla, ka tsaya gefe da hularka a hannu har aka rufe shi.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Ranar da labarinka ya zo, da la'asar ƙafata ta kai ni har ƙofar mai burkutu. Warin ya daki hancina, miyau ya cika mini baki kamar jiya na bari. Na daɗe tsaye. Ban shiga ba. Ba jarunta ba ce, da safe na haɗiye ƙwayar, tsoro ne ya mayar da ni gida.

Bayan an binne ka a bayan majami'a, matarka Bernadette ta kira ni gefe ta ba ni wani gwangwani da ka rubuta sunana a kai. Ƙwaya ashirin da shida ce a ciki. Ta ce, "Ban san wa za ya aiko da wasu ba, Mushe." Ni ma ban sani ba. Mu goma sha ɗaya ne muke zuwa wurinka, kuma har yau ba a turo kowa a madadinka ba.

Allah Ya dubi wahalar da ka sha a kanmu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutun da ba ka samu a duniya ba. Madam Bernadette, da 'ya'yanku Germaine da Barthélemy, da dukan jama'ar mishan, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma da ya bari a tsakiyar hanya, ku sa mu a addu'a, kowa da irin tasa.