Kunnen Absar Mai Inji

Dulal mai aski ne ya fara ba ni labarin jarrabawar nan ta Turanci, askarsa tana kan maƙogwarona, don haka ko dariya ban samu na yi ba. Ya ce wai yanzu ba mai hawa babban jirgin ruwa sai ya zauna gaban kwamfuta ta yi masa tambayoyi da Turanci, ko da kuwa aikinsa wankin tukunya ne. Ya ce Absar ma ya je ya faɗi. Na ce wane Absar? Ya ce Absar dai mai inji. To labarinsa zan ba ki, ki rubuta yadda na faɗa.

Nurul Absar sunansa. A nan tsibirinmu na Sandif aka haife shi, a unguwar da ruwa ya riga ya cinye, inda yanzu masunta ke jefa taru. Aji biyar ya yi a makaranta ya fita. Yana da shekara ashirin da ɗaya kawunsa ya kai shi birnin Citagon mai tashar jiragen ruwa, ya sama masa littafin aikin jirgi, ya hau. Da goge baƙin mai a ƙasa ya fara, daga baya ya zama mai zuba wa inji mai, a nan kuma ya tsaya har shekara ashirin da shida. Wata tara a teku, wata uku a gida. Ya dawo da bargo da sabulu mai ƙamshi, ya tarar yara sun yi tsawo, bakin ruwa kuma ya ƙara matsowa kusa da gidansa.

Turanci kuwa yana da shi, irin na jirgi. Ya yi aiki a ƙarƙashin injiniyoyi Girkawa, da 'yan Filifin, da wasu ma da bai iya faɗin sunan ƙasarsu, kowa da nasa karkataccen Turancin, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa abu sau biyu. Amma sai kin san yadda ɗakin inji yake. Can ƙasan jirgi ne, zafi kamar bakin murhu, ƙara kuwa ko ihu ka yi wa mutum a kunne ba zai ji ba. Shi ya sa magana a can da ido ake jin ta. Injiniya ya dafa kafaɗarka, ka juyo, ya faɗi abin da yake so yana nunawa da yatsa, kai kuma ka karanta leɓensa. Absar ya ƙware a wannan har ya wuce kowa. Ga shi kuma da hannu. Sai ya ɗora tafinsa a jikin famfo ya yi shiru, ya ce wannan gobe zai ba da wahala. Goben kuwa ya bayar.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ƙarar nan ta ci masa kunne. Na hagu ya mutu sarai. Na dama yana ji, amma kamar ana yi masa magana daga ƙarƙashin ruwa. Shi kansa bai san ranar da abin ya fara ba, tunda a wurin aikinsa kowa kurma ne. Likitan da ke duba ma'aikatan jirgi kuma wani dattijo ne, zai tsaya a gabanka ya yi magana ƙasa-ƙasa ya ce maimaita. Absar ya dubi bakinsa ya maimaita, a buga masa hatimi. Shekara da shekaru haka ake yi.

Sai kamfaninsu ya koma hannun wasu. Da hutunsa ya ƙare ya je ofishin wakilin kamfanin a Citagon da jakarsa a ɗaure, wakilin ya ce masa akwai sabuwar doka. Kowa sai ya kawo takardar jarrabawar Turancin aiki, kuma sai ya ci saba'in cikin ɗari. Absar ya ce ai su duba littafinsa, shekara nawa yana aiki da Turanci. Wakilin ya ce ya gani, shi ma ba son abin yake ba, amma in babu lambar takardar, kwamfuta ba ta karɓar sunan mutum.

Ɗakin jarrabawar a hawa na huɗu yake, sanyi kamar ɗakin ajiye kifi, kowa da allonsa da abin sawa a kunne. Da farko abin ya zo masa da sauƙi. A nuna hoton sifana, a nuna abin kashe gobara, a ce zaɓi sunansa. Yana zaɓa yana murmushi. Sai aka zo wurin sauraro. Allon ya yi fari, ba komai sai ɗan hoton lasifika. Wani mutum ya fara magana a kunnensa, gurum-gurum. Absar ya ƙura wa allon ido yana jiran fuskar mai maganar ta fito. Ba ta fito ba. Mutumin ya gama, aka ce zaɓi amsa, agogo yana tafiya a gefe. Ya zaɓa da ka. Hamsin da takwas ya samu.

Kafin ya sauka daga kwalekwale labari ya riga shi zuwa teburin Kala Miya mai shayi. Abin da ya ƙara wa abin gishiri, yaran da suka shiga tare da shi, waɗanda ba su taɓa ganin injin da ya wuce na babur ba, sun ci tamanin, casa'in, don akwai wuraren da suke zuwa ana haddace musu tambayoyin.

"Ga Baturenmu nan," in ji Kala Miya. "Yaya Absar, shayin da madara za a zuba, ko sai na tambaya da Turanci?"

"Zuba da yarenmu," in ji Absar. "Ko da wane yare aka tambaye ka, ruwa ne dai ya fi yawa a ciki."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma daga ranar sunan ya bi shi, Bature.

Babbar 'yarsa Shiuli tana kwaleji a lokacin. Ita ta ce ya bar mata. Kullum bayan la'asar su zauna a baranda, ta buɗe littafin gwaji ta karanta masa maganganun jirgi da Turanci, ya amsa. Rufe bawul na uku. Akwai hayaƙi a ɗakin janareto. Ba ya kuskure ko ɗaya. Ta ce Baba ai wannan karon sai dai su ƙaro maki. Ya koma, ya samu sittin da huɗu. Ta ce tsoron kwamfuta ne. Ya ce eh, tsoron kwamfuta ne.

Wata rana ana cikin karatun hadari ya taso, ta miƙe da littafin a hannu tana kwashe shanya, ta ci gaba da karantowa ta ba shi baya. Ta karanta ɗaya, shiru. Ta karanta ta biyu, shiru. Ta juyo ta gan shi zaune yana duban tsakar gida, yana jiran ta dawo su ci gaba. Sai ta ajiye littafin, ta sake juya masa baya, ta kira shi da yarenmu, Baba. Bai motsa ba.

Ta shiga madafa wurin uwarta Munawara tana hawaye. Munawara tana jajjaga busasshen kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita shekara bakwai ke nan da sani. Ta ce ba ki lura ba, ban taɓa yi masa magana daga wani ɗaki ba, sai na zo gabansa? Ta ce kuma kar ta kuskura ta faɗa wa kowa, don ranar da maganar ta kai kunnen likita, ranar aka gama da teku, kuma gidan nan da kike gani bai fi damina biyu ba za a ɗaga shi a koma cikin tsibiri saboda ruwa, da me za a yi?

Da suka zauna cin abinci, Munawara ta zo gabansa ta ce, "Baban Shiuli, yarinyar ta gane."

Ya daɗe yana cuɗa shinkafa da yatsu. Sannan ya dubi Shiuli ya ce, "Uwata, inji ba ya buƙatar kunnena. Ban taɓa barin inji ya lalace ba."

A zama na uku, matar da ke kula da ɗakin jarrabawar ta lura da shi. Yarinya ce, ba ta fi Shiuli da yawa ba. Ta ga yana cire abin kunnen yana juya shi, yana danna na dama da tafin hannu, yana karkata kai. Sittin da ɗaya. Da kowa ya fita ta tsayar da shi, ta ce Kawu, ta duba amsoshinsa na duk zaman uku, ko'ina yana ci, sai wurin sauraro kaɗai. Ta ce akwai tsari ga masu matsalar ji. In ya kawo takarda daga likitan kunne, za a zaunar da shi da mutum ido da ido, mutumin ya karanta masa, ya amsa. Ta ce ta tabbata zai wuce tamanin.

Absar ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai. Har ya fara yi mata godiya, sai ya tsaya.

"'Yata, a jikin takardar cin jarrabawar, ana rubuta cewa haka aka yi?"

"Layi ɗaya ne a ƙasa, Kawu."

"Kamfani yana gani?"

Ta ce eh, yana gani.

To kin ga inda aka tsaya. In bai faɗi gaskiyar kunnensa ba, ba zai ci jarrabawa ba, ba jirgi. In ya faɗa, zai ci jarrabawa, kamfani ya tura shi gwajin ji na na'ura, a soke takardar lafiyarsa, ba jirgi. Ya sauko daga hawa na huɗun nan yana ƙirga matakala, ya zauna a bakin titi wurin mai sayar da ruwan rake, bai saya ba.

Ya sake zama sau biyu bayan nan. Shiuli ta ce tunda wasu haddacewa suke yi, shi ma ya haddace. Ya haddace littafi guda, amma kwamfutar tana sauya tambayoyi, kuma ko ka san amsa sai ka ji wace tambaya ce aka yi. Mafi yawan abin da ya samu sittin da shida.

Ana cikin haka, jirgin da ya yi wa aiki sau huɗu ya zo Citagon ya tsaya can waje yana jiran a ba shi wurin sauke kaya. Babban injiniyan jirgin, wani tsohon Bagirke, ya aiko wa wakili cewa mai zuba mansa zai sauka, Absar yake so, shi da sunansa. Wakilin ya kira Absar, ya nuna masa saƙon, ya gwada shigar da sunan a gabansa don ya gani da idonsa. Akwatin lambar takarda ya yi ja, ya ƙi wucewa. Wakilin ya ce ya rubuta wa manyan kamfanin, sun ce doka ɗaya ce ga kowa.

Kwana tara jirgin ya yi a tsaye. Absar bai dawo Sandif ba, ya sauka gidan wani ɗan uwansa, kullum da safe ya je bakin teku ya zauna kan duwatsu. Jirage sun fi talatin a wurin, amma ya san nasa da fentin bututun hayaƙi. Ɗan uwan ya ce in ya dawo sai ya riƙa cewa hayaƙin ya yi duhu, akwai abin da yaran nan ba sa dubawa. Wani yaro aka tura a madadinsa, mai maki casa'in da biyu. Rana ta goma da ya je, inda jirgin yake tsaye ba komai sai ruwa.

Daga nan ne ya yi abin da ya daɗe yana gudu. Bai faɗa wa Munawara ba, ya nemi asibitin kunne a cikin gari, ya shiga. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya ce ya daɗe a zaune hannunsa a cinya, har ya ɗauka ba a fara ba, ashe an kusa gamawa. Suka ce likitan da zai sa hannu ba ya nan, ya dawo ranar Talata ya karɓi takardar.

Ya dawo Sandif. Ranar Talata ya shirya zuwa Citagon, ya sa farar riga, ya je bakin ruwa, ya ce igiyar ruwa ta yi yawa, ya dawo. Talata ta gaba ya ce injin wani mai kamun kifi ya lalace, ba zai bar mutum a tsaye ba. Tun daga nan abin da yake yi ke nan, gyaran injin ƙananan jirage a bakin gaɓa, a ba shi kifi, a ba shi abin shayi. Gidan sun ɗaga shi sun koma ciki, rabinsa da tsohon kwano, rabinsa da kara. Jakarsa ta tafiya tana nan a ɗaure a kan kabad, Munawara ba ta taɓa ta. Muddin bai karɓo takardar ba, a littafi shi ma'aikacin jirgi ne da ke hutu, kuma har yau in baƙo ya tambaye shi sana'arsa abin da yake cewa ke nan.

Damina uku ke nan. Asibitin sun kira wayar Shiuli sau biyu, sun ce takardar tana nan cikin ambulan da sunansa, in ba ya so su sani. Makon jiya na haɗu da shi wurin Kala Miya, na tsaya a gabansa sosai na ce, Absar, takardar nan fa? Ya dubi bakina har na gama. Ya ce zai je, Kawu, Talatar nan ce dai akwai injin da ya kwance bai ɗaura ba.