Kujerar da Ke Riƙe Bayan Kawu

Ni mai faci ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Shekara da shekaru ina zaune a rumfata kusa da tashar Wurno, ina lallaɓa tayoyin 'yan acaɓa da na motocin da ke kwasar albasa. Manoman Tursa ma in tiyon injin ban ruwansu ya huje, wurina suke kawowa. Duk abin da iska ke shiga ta fita, na san halinsa. Amma ban taɓa zaton wata rana kujera za ta zo hannuna ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne da ya tsufa a kan buzu, har zama ya cinye masa ƙugu. Likita ya hana shi hawa babur, ya hana shi duk wata tafiya mai jijjiga. Sai ɗansa, taubashina da ke aiki a Abuja, ya aiko masa da wata baƙar mota ta manya. Ba sabuwa ba ce, amma cikinta ya fi ɗakin amarya kyau. Abin da ya sa ya zaɓe ta shi ne kujerar gaba: a cikin jinginarta akwai wasu 'yan jakunkuna da ke cika da iska su rungumi bayan mutum, in an danna wani maɓalli har tausa suke yi. Da wannan kujera Kawu ya koma ziyarar yayarsa a Taloka, can ƙasar Goronyo, duk Juma'a, ni ke tuƙa shi. Inna muke ce mata, kuma su biyun ne kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Wata Juma'a muna dawowa, kujerar ta saki. Kawu bai yi ƙorafi ba, don ba halinsa ba ne, amma na ga yadda yake cije leɓe a kowane rami, kuma da muka iso gida sai da muka ɗauke shi mu biyu. Kwana huɗu yana kwance. Taubashina ya sa aka kai motar Sakkwato, wani makanike ya jona mata kwamfuta, ya ce famfon iska ne ya mutu, sai an yi odar wani daga Legas, a jira mako uku, aka dawo da ita gida haka nan. Da na ce a bar ni in duba, taubashin nawa ya yi dariya a waya har da tari. Ya ce wannan ba tayar amalanke ba ce, in rufa masa asiri in tsaya kan gam da almakashina. Na ji haushi ƙwarai, amma na haɗiye, tunda motarsa ce.

Ran Laraba saƙo ya zo daga Taloka cewa Inna ba ta da lafiya, kuma ta ce in ƙanenta yana son ganinta, ya zo wannan Juma'ar. Kawu ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure ya jingina da filo biyu.

"Ɗan nan, jibi za ni Taloka," ya ce. "In mota ba ta yi, ka samo mini mai babur. In shi ma babu, a ɗaura ni bisa jaki."

Na san in ya hau babur zuwa ƙasar Goronyo, sai dai a kwantar da shi kusa da yayar tasa. Na kuma san ba wanda ya isa ya hana shi. Ban sake neman izinin kowa ba, na karɓi makulli na kai motar ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan rumfata.

Na tayar da ita, na danna maɓallin, na kasa kunne. Can baya, a cikin but, na ji wani ɗan gurnani, ya daɗe yana yi, sannan ya yi shiru. Nan hankalina ya fara kwanciya, domin matacce ba ya gurnani. Na ɗaga shimfiɗar but ɗin, na sami famfon, ɗan ƙarami kamar gwangwanin madara, da wasu siraran tiyo da suka fita daga jikinsa suka bi ƙasan mota zuwa kujeru. Na duba fis ɗin wutarsa, lafiyarsa lau. Na zare tiyon da ya nufi kujerar Kawu, na toshe bakin famfon da babban yatsana, na sa maƙwabcina mai shayi ya danna. Iska ta turo yatsan da ƙarfi, famfon ya tsaya da kansa nan take. Wato lafiyarsa ƙalau, aikin banza ne ya gajiyar da shi, yana ta ɗura iska tana zurarewa har ya haƙura. Kwamfutar ta ga ya tsaya, ta ce ya mutu.

Daga nan aiki ya dawo fannina. Na kaɗa ruwan sabulu a kwano kamar yadda nake yi wa kowace taya, na mayar da tiyon, na bi shi da soso taƙi bayan taƙi. Sai da na cire robobin bakin ƙofa, ina yi ina addu'a kada wata ta karye, don ban san inda zan samo irinta ba. A baya babu kumfa, a tsakiya babu. Rana ta take, gumi ya jiƙa ni, ga ni kwance rabi a mota rabi a ƙasa, 'yan acaɓa na wucewa suna tambaya ko na koma kanikancin masu kuɗi ne. Da na tura kujerar baya gaba ɗaya na leƙa ƙarƙashinta, na shafa sabulu, sai ga kumfa tana tashi.

Tiyon ya fita daga maƙalinsa ya kwanta a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, ƙarfen ya datse shi. Na tsaya ina tunanin abin da ya ture shi har can, sai na ga sawun jar ƙasa a kan kafet, sawun dunduniyar takalmi. Dariya ta kama ni ni kaɗai. Kawu bai taɓa taka shimfiɗa da takalmi ba a rayuwarsa, kuma tun ranar farko da ya ga kafet ɗin motar ya ɗauke ta kamar ɗakin mutane. In ya shiga sai ya tuɓe takalmansa na fata, ya tura su can ƙarƙashin kujera da ƙafa don kada su ɓata wuri. Wata da watanni ina kallonsa yana yi, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Na yanke wurin da reza, na haɗa bakin biyu da guntun tiyon mai na babur, na ɗaure tam, na mayar da shi maƙalinsa. Na zauna a kujerar na danna. A hankali na ji ta cika ta riƙe mini baya, na ƙara sabulu, babu kumfa ko ɗaya. Daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da na buɗe rumfata ban ji irinsa ba.

Abin da ya rage ya fi gyaran wuya, domin ba a ce wa dattijo shi ya yi ɓarna. Abin da na gaya masa kawai shi ne wani tiyo ne ya yanke a ƙarƙashin kujerar. Ran Juma'a da safe na buɗe masa ƙofa, ya zauna, ya tuɓe takalma. Kafin ya tura su na durƙusa na miƙa hannu, na ce a ba ni in adana a baya. Ya dube ni, ya dubi ƙarƙashin kujerar.

"To, ashe ni na yanka shi," ya ce. "Mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ce ai ladabi ne ya yanka tiyon, ba shi ba. Ya yi murmushi, ya hana ni takalman, ya ɗora su a cinyarsa ya riƙe. Haka muka bi hanya, gonakin albasa na wucewa, yana jan carbi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan takalma. Ko sau ɗaya bai cije leɓe ba.

A Taloka ya sauka da kansa, ya shiga ɗakin Inna da ƙafarsa. Idonta ya riga ya yi rauni, sai ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"An ce mini ba ka iya tashi," ta ce. "Wa ya kawo ka?"

"Ɗanki mai faci," in ji Kawu. "Shi ya gyara abin da Sakkwato ta kasa."

Inna ba ta rasu a wannan makon ba. Ta ƙara damina biyu, kuma ba mu fasa Juma'a ko ɗaya ba. Taubashina har yau bai yarda ya ce na iya ba, sai dai ya soke odar famfon, kuma in ya kira yakan tambayi lafiyar injiniyan amalanke. Guntun tiyon babur ɗin yana nan yana riƙe da iska, Kawu kuma bai sake shiga motar ba sai da takalmansa a cinya.