Shekara Uku Yana Zuba Ƙasa

Yau shekara tara da rasuwar maigidana, Malam Haruna, kuma har yanzu ina jin haushin shekara ukun da ya zaunar da ni a ɗakin haya alhali muna da filinmu a unguwar Ngeli. Na faɗa masa yana raye, ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Shekara uku bai aza bulo ko ɗaya ba. In ya dawo daga kai kaya Kusuri, sai ya ɗauki baro da shebur, ya yi ta zuba ƙasa a filin nan yana daɓewa. Damuna ta zo, ya tsaya yana kallon inda ruwa ke kwanciya, rani ya shiga, ya ƙara ciko. Maƙwabta suka gina, suka tare, har suka yi suna a ɗakunansu. Na ce, "Malam, gida za ka yi mana ko dutse?" Ya ce, "Hajara, ruwa nake tambaya inda yake so ya bi." Sai a shekara ta huɗu ya gina, muka tare.

Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya. Malamarmu, 'yar Najeriya, ta taɓa rubuta mana wata kalmar Ingilishi, ta ce sunan aikin da ake yi kafin aiki ke nan, wanda ba mai gani balle ya yaba. Kalmar ta ɓace mini. Amma ranar, a kan benci, maigidana na tuna.

Damunar bara ruwa ya ci layinmu. Katangun da na yi wa kishi suka zube. Gida huɗu suka kwana a tsakar gidana, tabarma ko ɗaya ba ta jiƙe ba. Da yana nan ba zai yi gori ba, na san shi. Shebur zai ɗauka ya fita. Allah ya jiƙanka, Malam. Na gode, ko da na makara.

Jiya ɗanmu Bashir ya ce washegari magina za su fara aza bulo a filinsa na unguwar Butalbagar. Na san filin, kwari ne. Na ce ciko fa? Ya ce, "Iya, kalas, a bar zancen, wa ke da shekara uku yanzu?" A ɗakin nan jikokina za su kwanta.

Yau da safe na ɗauko shebur ɗin ubansa, na hau kalando, babur ɗin haya, na riga magina isa. Na shimfiɗa tabarmata a tsakiyar filin, na zauna.