Allurar Parabol ɗin Kawu

Aikin nan ya ba ni wuya, ba sai na yi muku ado ba. Parabol ɗin Kawu a Konni, wato kwanon kama tashoshin talabijin, ya fi rufin rumbu faɗi, amma ba girman ne wahalar ba. A tsakiyarsa, kan ƙarafa uku, akwai ɗan gwangwani mai allura a ciki. Wasu tashoshi sai allurar tana tsaye suke shigowa, wasu sai tana kwance. Ɗan injin da ke juya ta ya ƙone, sai dai a hau tsani a murɗa gwangwanin da hannu, na ɗaki yana cewa "ƙara" ko "koma". Ni ke hawa. Shekarata goma sha shida, ajina uku a lakwal, makarantar boko ke nan, ina jin kaina injiniya.

Shekarar da Kawu ya tafi Hajji, ranar Arfa, Baba ya ɗauko Kaka, surukarsa, daga Tajaye don ta ga ɗanta a talabijin. Tsofaffin unguwa suka cika ɗakin. Aka kunna, hoto sai yayyafi, tasha biyu sun hau juna.

Na ɗauki sifana na nufi manyan notocin gindin kwanon.

Baba ya ce, "Bar kwanon nan. Ran da wani Basakkwace ya kafa shi ina zaune. Gwangwanin ɗai ya ce a murɗa, kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Baba, wanga abu ba hauya ba ne."

A gaban surukarsa na faɗa. Wasu suka yi dariya, shi kuwa ya duba ƙasa.

Na kwance notocin, na tura kwanon. Ɗan hoton da ake gani ma ya tafi. Na yi gabas, na yi yamma, ƙarfe yana ƙona mini hannu, babu. Kaka tana ta tambaya, "Ya fito?" Da la'asar ta wuce, ta naɗe tabarmarta, ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Allah ya gan shi."

Yanzu yara kan duba Makka a waya. Ni har yau in na ga tsohon parabol an shanya barkono a cikinsa, sai in kau da kai.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Da safe, ranar Layya, na riga kowa tashi, na goge masa takalma, na ɗauki buzunsa, na bi bayansa har filin idi.