Bagaruwar Inna da Ƙwallon Afandi

A shekarun da yaƙin Nasara ya ƙare, motoci suka fara yawa a hanyar Jidda, muna zaune a gefen unguwar Jarwal a Makka, inda gidajen dutse suka ƙare, bukkokinmu na gwangwani suka fara. Bayan bukkarmu akwai wani fili, tsakuwa ce da filasko, sai bishiyar ƙaya ƙwaya ɗaya a tsakiya. Larabawa suna ce mata samur. Inna, mahaifiyata, ta ce ƙarya suke yi, bagaruwa ce, irin ta ƙofar gidan ubanta a ƙasar Katsina, kuma ba a haifi mai yi mata gardama ba.

Da ƙafa Inna ta zo Makka, ta Cadi, ta Sudan, ta binne miji a hanya. Da idonta ya yi yana, ƙafa kuma ta daina kai ta masallaci sai Juma'a, duniyarta ta koma gindin bishiyar nan. Nan take jan carbi, nan take ɓare gyaɗa, nan take yi wa mutanen unguwa shari'ar da ba su kawo mata ba. Takan dafa gindin ta ce, "Duk garin nan ita kaɗai ta san ni tun daga gida."

Maigidana direban wani attajiri ne. Mutumin kirki, amma duk abin da ya gani a Jidda sai ya shigo mana da shi gida. Attajirin yana da ɗa wanda ya yi karatu a Masar, mai wando da jar dara, muna ce masa Afandi. Wata rana su biyu suka ga Nasaran wani kamfani a bakin teku. Sun sare ciyayin gaɓa, sun kori tsuntsaye, sun zuba baƙin mai a kan yashi, suna bin wata farar ƙwallo mai kama da ƙwan zabuwa, suna bugunta da sanda sai ta faɗa rami. Wai golf. Nasara ba sa shiga Makka, sai Afandi ya rantse wasansu zai shiga. Filin da ya zaɓa kuwa namu ne, domin a takarda na ubansa ne.

Maigidana ya dawo da sanda ɗaya a hammata, mai kan ƙarfe, yana tafiya kamar an naɗa shi. Ya ce Afandi zai ba shi wakilcin filin, da ɗakin dutse.

Na ce, "Bishiyar fa, Malam?"

Ya ce, "Tana tare hanya. Khalas, an gama, sai ta tafi."

Inna tana bayan asabari tana ji. Bai san tana nan ba, da bai yi maganar da ƙarfi ba, don ko ruwa ba ya sha a gabanta. Tuwon yamma dai ya dawo mini yadda na kai mata shi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai dai Makka ba bakin teku ba ce. Mu cikin Harami muke, inda ba a sare itacen da ya fito da kansa, ba a tsige ɗanyar ciyawa, ba a tsorata tsuntsu. Yaro ma ya san wannan kafin ya san sunan kakansa. Duk leburan da maigidana ya kira, da ya ga ɗanyen ganye sai ya ajiye gatari ya ce, "A'a ya shaikh, haram alaik."

Daga nan ya fara bin malamai. Mutumin da sai na tura shi yake zuwa karatun bayan magariba, yanzu shi ne a sahun gaba da tambaya. Wani ya ce masa saniya ce fansa. Wani ya ce tuba ce kawai, amma zunubin yana nan. Ya yi ta yawo har ya samo abubuwa biyu da ya rungume: dabba tana iya kiwo a Harami, kuma busasshen itace babu laifi a sare shi. Abin nema ya samu. Ya aro awakin wani Badawi makiyayi, ya sake su a fili, manyan kuma ya ɗaure su a gindin bagaruwa don su ɓare mata ɓawo ta bushe. Shi ai bai taɓa ba.

Awakin nan yunwa ta gama da su, suka afka wa filasko. Wanda ya taɓa shan filasko ya san abin da ya biyo baya. Kwana da kwanaki ba a ratsa filin sai an tattare zane. Ni kuwa na ce alheri ne. Na kwashi abin da suka zubar, na dama da ruwa, na shafe gindin bishiyar tas, yadda Inna ta ce ana yi wa dashe a gida. Akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta. Suka yi ta shinshinawa suna kau da kai, maigidana yana tsaye yana yi musu wa'azi da Larabci.

Afandi ya gaji da jira. Ya ce a binne gwangwanaye a matsayin ramuka, a zuba mai, zai zo da abokansa ranar Alhamis ya gwada. In bishiyar ta dame shi, yana da Yamanawan da ba sa yawan tambaya, shi zai ɗauki fansar. Saniya ɗaya ba komai ba ce a gidansu.

To ni sana'ata sayar da alkama ce a ƙofar masallaci, alhazai suna saya suna watsa wa tattabarun Harami. Tattabarun nan sun fi wasu dangina sanin zanena. Tun ranar Asabar na fara dawowa gida da hujajjen kwano, ina tafe alkama tana bin bayana. Da asuba kuma in fita in watsa mudu a gindin bagaruwa, da cikin kowane gwangwani. Ciyar da tattabara lada ne, babu malamin da zai ce a'a.

Ranar Alhamis da la'asar mota ta tsaya. Afandi ya fito da abokansa, maigidana a baya ɗauke da jakar sanduna. Filin kuwa ba a ganin ƙasa. Tattabaru a kan tsakuwa, tattabaru a kan reshe, wata ma ta kwanta a cikin gwangwani kamar gidan gadonta. Matan unguwa muka jeru a jikin bukkoki, kowacce ta ja mayafi don dariya.

Afandi ya ce, "Yalla, kore su!"

Maigidana ya ɗaga hannu, ya tuna karatun da ya sha, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya. Ya matsa kusa da su yana cewa, "Bismilla, ku ɗan gusa, Allah ya yi muku albarka." Ko kallonsa ba su yi ba.

Abokan suka fara dariya, Afandi ya hasala. Ya ajiye ƙwallo, ya gyara tsayuwa irin ta Nasara, ya zabga. Ƙwallon ba ta yi nisa ba. Gashi ya tashi, wata tattabara ta yi birgima sau ɗaya ta miƙe ƙafa.

Sai muryar Inna daga gindin bishiya: "Me ya faɗi?"

Na ce, "Tattabara ce, Inna."

Ta ce, "Tunkiya ke nan. Rami nawa ne wasan?"

A kan wannan babu saɓanin malamai, fansar tattabarar Makka tunkiya ce, a yanka a raba wa matalautan Harami. Labari ya riga Afandi isa gida. Tsohon attajirin, wanda ke sallah a sahun farko, ya ji ana cewa ɗansa ya kashe tattabarar Ɗakin Allah da sandar Nasara. Washegari aka kawo tunkiya. Matalautan da suka fi kusa kuwa mu ne. A gindin bagaruwa aka yanka, Inna ta ci hanta har tana neman ƙari. Ba a sake maganar fili ba, ɗakin dutse ma ya bi ruwa.

Maigidana ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole. Ya ga hujin kwanon, na ga ya gani. Rannan ya miƙo mini sandar, bai dube ni ba, ya ce, "Ba Inna." Ta shafa ta daga sama har ƙasa, ta juya ta, ta kama kan ƙarfen a tafin hannu, ta dogara. Ta ce, "Sanda ce mai kyau. A juye kawai suke riƙe ta."

Da ita ta riƙa zuwa gindin bishiyar har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarta na lura maigidana ya mayar da alwalarsa can, ruwan yana gangarawa cikin saiwa. In akuya ta matso, da sandar nan yake korar ta.

Wata safiya na kasa haƙuri, na ce, "Malam, ba ka jiran ta bushe kuma?"

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Can ya ce, "In ta bushe, wa ya rage a garin nan da ya san ta tun daga gida?"